Shafi na Huɗu na Rahoton Malam Habila

Tun da na dawo daga Abijan ban ƙara tashi daga sujada na isa gida da wuri ba. Da an yi addu'ar tashi, kafin in kai bakin ƙofa an tare ni. Wannan ya ce, "Baba Dattijo, wai da gaske burodinsu ya kai tsawon hannu?" Wancan ya ce, "Wai Rabaran ya yi kuka a boda?" Na gaji da ba da labari gutsure-gutsure, kowa ya tafi da nasa ya ƙara masa gishiri. Shi ya sa na zauna in rubuta shi sau ɗaya, wanda ya sake tambaya in miƙa masa. Kuma tun yanzu in wanke Rabaran: bai yi kuka ba, hawaye ne kawai suka zubo.

Ga wanda bai san tushen maganar ba, shekara takwas ke nan da ƙungiyoyin aikin bishara uku suka haɗa kai suka aiki Malam Habila da matarsa Laraba zuwa Abijan, saboda masu jin Hausa da ke can. Akwai tamu, mu da muke nutsar da mutum gaba ɗaya in za a yi masa baftisma. Akwai ta su Rabaran Dauda, masu yayyafawa. Akwai ta uku, waɗanda ba su yarda a kaɗa ganga a majami'a ba. In ban da wannan, bangaskiyarmu ɗaya, taurin kanmu ma ɗaya. An rubuta yarjejeniya mai kyau. Malam Habila zai riƙa aiko da rahoto mai shafi huɗu duk wata shida, sakataren haɗin gwiwa ya karɓa ya kai gaban kwamiti. Kujerar sakataren tana zagayawa duk shekara biyu. Ni ma na zauna a kanta bayan na yi ritaya daga aikin hedimasta, Rabaran Dauda ne ya karɓa daga hannuna. An kuma rubuta cewa za a riƙa kai wa Malam Habila ziyara kowace shekara, sai dai ba a rubuta wanda zai je ba.

Ana nan sai wani ɗan ikilisiyarmu mai fataucin atamfa ya dawo daga can da labari. Ya ce ɗakin sujadar da ke unguwar Ajame a rufe yake. Ya ce da idonsa ya hangi Malam Habila a kasuwa cikin mahauta, riga duk jini, kuma an ce masa a gidan wani Alhaji yake zaune. Aka buɗe fayil, aka ga shekara uku yawan masu sujada bai motsa ba, sha biyu, sha biyu, sha biyu. Shugabanninmu uku, waɗanda sukan yi wata biyu suna gardamar wanda zai buɗe taro da addu'a, a zama ɗaya suka sa hannu a takardar sallama. Aka ce ni da Rabaran mu je ba tare da sanarwa ba. In zargin ya tabbata, mu miƙa masa takardar, ya tattara kayansa ya dawo gida cikin wata uku. Masu ƙin ganga ba su ba da mutum ba, tambayoyi ashirin da ɗaya suka rubuto.

Ana gobe za mu tashi matata ta kawo mini ƙunshi. Zanen zumuntar mata ne na bana, ta ce in kai wa Laraba, in ce mata su Mama suna jiran hotonta ta ɗaura shi tana rawa, don duk ƙasarmu ba wadda ta kai ta iya taka rawar zumunta. Na ce mata aikin bincike zan je, ba kai lefe ba. Ta ce in an gama binciken zanen ba zai ruɓe ba, ta tura shi ƙasan jakata.

Daga Zariya zuwa Legas ba abin faɗi sai ciwon baya. Rabaran mutum ne mai jiki, ga kwalar fastoci a wuya ko a mota ba ya cirewa, ga fayil uku a kan cinya. Rabin kujerata shi ya zauna a kai, ni kuwa na biya kuɗin kujera guda. Daga Legas muka bi bakin teku. A bodar Seme aka ce a sauka, muka sauka, aka duba fasfo, aka ce a hau, muka hau, ba mu yi nisa ba aka sake cewa a sauka. Tun daga nan Turancin Rabaran ya daina aiki. Yana yi wa jami'i bayani da Turancin makarantar tauhidi, mutumin na kallonsa, sai wata mai sayar da abarba ta fassara musu da Hausa ba tare da ta bar feraye abarbarta ba. Togo kuwa, na kwance ƙullin gyaɗa a bakin shiga, ban gama ci ba aka ce mu sauka, wai ƙasar ta ƙare.

A Akara muka kwana. Nan Rabaran ya farfaɗo, don Turanci ya dawo. Ya shiga gaba ya yi mana odar abinci, aka kawo wani tuwon masara a naɗe cikin ɓawon masara, da soyayyen kifi da barkono. Ya kai loma ɗaya ya kira mai abincin, ya ce cikin ladabi tuwonta ya kwana ya yi tsami. Matar 'yar zango ce, ta yi dariya har tana riƙe ciki, ta ce da Hausa, "Baba, ai tsamin ake saya." Ya cinye nasa, ya taya ni da rabin nawa don ya tabbatar.

A bodar shiga Kodebuwa ne abin ya faru. Aka ce kowa ya fito da katin rigakafin shawara. Na fito da nawa. Rabaran ya buɗe fayil na biyu da isa, ya zaro kati ruwan ɗorawa ya miƙa. Malamar asibitin ta juya shi, ta sake juyawa, ta mayar masa. Ashe katin halartar taron fastoci ne na bara, launinsu ne ya zo ɗaya, na rigakafin yana can Zariya a kan teburinsa. Ba faɗa ba zagi, ta nuna masa benci ta ce ya naɗe hannun riga. Mutumin da ke tsayawa gaban dubban jama'a yana wa'azi a kan kada a ji tsoro, ya kama hannuna ya matse har na ji ƙashi. Da ta gama ta dafa kafaɗarsa ta ce, "Yako, Papa." Direbanmu ya ce haka suke cewa sannu ga wanda ke cikin ciwo ko wahala, kuma za mu ji ta har mu gaji.

Da la'asar muka sauka a Ajame. Na san Sabon Gari, na san Kantin Kwari, amma Ajame ta sa na riƙe jakata da hannu biyu. Ƙananan bas da suke kira baka suna ta kai da komo, masu kiran fasinja na rataye a ƙofa, mata da kwanduna a ka suna ratsa tsakanin motoci ba ko waiwaye. Muka kama ɗaki a wani ƙaramin masauki kusa da tasha, gado biyu da fanka mai kukan tsohuwar keken ɗinki. Da safe aka kawo burodin nan da kuke tambaya. I, ya kai tsawon hannu, ɓawonsa kuma ya kusa tafiya da haƙorina na roba. Su a hammata suke saƙalo shi tsirara, ba leda ba takarda, abin da in ka yi a gida za a ce ba ka da tarbiyya.

Wayoyinmu duk sun mutu, don ramukan soket ɗinsu biyu ne zagayayyu, cajarmu mai ƙafa uku ba ta shiga. Mai masaukin ya ce mu je Bilak Maket. Rabaran ya tsaya cak, ya ce shi da kwala a wuya ba zai shiga kasuwa mai irin wannan suna ba. Na ce to ya cire kwalar. Ya ce gara ya shiga da ita. Ashe wuri ne na wayoyi da tufafi da kayan gwanjo, har wani dattijo ɗan Kano mai shigo da kaya ya ji Hausarmu ya ja mu shagonsa, ya ba mu abin da za mu jona cajar, ya ƙi karɓar komai. Shi ya kwatanta mana layin da adireshin Malam Habila yake.

Mun sami wurin. Bene ne, ɗakin sujadar yana hawa na biyu, matakalar a tsaye kamar tsani. Muka hau muna haki, muka tarar da teloli huɗu suna ɗinki. Rabaran ya buɗe fayil ya yi alama a gaban zargi na farko. Abin ya dame ni, don ni na san Habila tun yana ɗan makarantar Littafi Mai Tsarki. Wata mai soya ayaba a ƙasan benen ta gane abin da muke nema. Ta ce, "Fastar? Tireshbil, marshe." Ta yi alamar sara da hannu, wato kasuwar Tireshbil, wajen masu nama.

Aka ce in muna gudun cunkoson gada, mu je bakin ruwa mu shiga jirgin fasinja. Na ga fuskar Rabaran ta canza. Jirgin babba ne, ga kujeru kamar bas, ma'aikata da 'yan kasuwa kowa na danna waya, amma shi ya zauna tsakiya ya rungume fayilolinsa ya rufe ido. Na ce, "Rabaran, ka ga illar yayyafi ke nan. Da mu muka yi maka baftisma da tuni kun saba da ruwa." Bai buɗe ido ba ya ce, "Dattijo, in mun sauka zan ba ka amsa daga Nassi." Har yau ina jiran amsar.

Kasuwar Tireshbil gini ne babba, ga atamfofi, ga kayan gida, ga masu abinci. Hanci ne ya kai mu layin mahauta. Tun daga nesa na gane shi. Ya rame, furfura ta fito, yana sanye da rigar leda, yana fere nama daga jikin ƙashi da 'yar wuƙa. Rabaran ya yi alama ta biyu. Da Habila ya ɗago ya gan mu, wuƙar ta faɗi. Ya zagayo teburin, ya rasa yadda zai yi da hannuwansa masu jini, sai ya durƙusa ya ce, "Baba, kun zo." Ya faɗa har sau uku, yana dariya idonsa na ruwa. Ni kuwa takardar da ke jakar Rabaran nake tunawa, kunya ta hana ni duban idonsa.

Mai teburin ya taso, wani dogon dattijo mai jar hula, Alhaji Mamman. A Abijan aka haife shi, Hausarsa rabi Faransanci ce. Ya ce, "Bon, ku ne manyan Fastar? To akwaba, sannunku da zuwa. Shekara takwas yana ce mini manyansa za su zo, har na ce masa ko dai irin manyan nan ne da ba a gani." Rabaran ya gyara murya ya tambaye shi ko Malam Habila yana yanka. Alhaji ya ce, "Haba, Rabaran, so kake in rasa masu saye? Yanka namu ne, shi fiɗa da fere kawai. Kuma in tsoronku ya bar addininsa ne, ku kwantar da hankali. Kullum yana mini wa'azi ina masa, daga ni har shi ba wanda ya gusa. Taurin kai gare shi kamar bijimin Mali."

Ya sa aka kawo mana abinci a wajen wata mai rumfa, garin rogo mai laushi da suke kira aceke, da soyayyen kifi da albasa. Rabaran ya ci ya yi shiru, alamar abin ya karɓe shi. Muna wanke hannu na ce wa Habila, "Yaya uwargida? Ga saƙonta nan daga zumuntar mata, sun ce ta ɗaura ta taka musu rawa a hoto." Habila ya dube ni. Alhaji ya dube ni, ya dubi Habila. Sai Habila ya ce a hankali, "Mu je gida, Baba, ta karɓa da hannunta."

Gidan irin nasu ne na haya, ɗakuna a jere sun kewaye tsakar gida ɗaya, famfo ɗaya, mata na wanki, kowa da yarensa. Ɗakin su Habila na ƙarshe ne, kusa da na uwargidan Alhaji. Laraba tana zaune a bakin ƙofa cikin kujera mai taya. Hannunta na hagu na kwance a cinya, ƙafar hagu a miƙe, bakinta ya ɗan karkace. Wata mata mai lulluɓi tana yi mata kitso. Na tsaya da ƙunshin zanen a hannu na rasa inda zan sa shi. A rayuwata ban taɓa jin na zama wawa irin na ranar ba.

Jikin ne ya shanye, bakin Laraba yana nan yadda na san shi. Maganar na fita a hankali amma ba ta ɓata. Ta ce, "Baba Dattijo, sannunku da hanya. Rabaran, ka ƙara ƙiba, aikin Ubangiji na karɓarka. Wannan nawa ne?" Na miƙa mata. Ta warware da hannu ɗaya, ta shafa, ta ce zanen bana ya fi na shekarun baya kyau. Habila ya gaya mata saƙon rawar, don ni na kasa. Ta yi dariya ta ce, "Baba Dattijo, ka ce wa Maman gidanka rabina zai taka, rabin yana hutu."

Rabaran ya ce, "Mama, yaushe wannan ya faru? Me ya sa ba a sanar da kwamiti ba?"

Ta juya ta dubi mijinta. "Malam, ɗauko musu akwatin."

Ya fito da wani akwatin ƙarfe, cike da kwafin rahotanninsa, kowanne a jere. Laraba ta ce, "Baba Dattijo, kai ne hedimasta, kai za ka karanta mana. Ɗauko na shekara uku da suka wuce. A'a, ba nan ba, wannan ai lissafin mutane ne. Juya can baya."

Na juya. Shafi na huɗu, inda aka rubuta lafiyar iyali da sauran bayani. Da rubutun Habila mai kyau an ce Laraba ta faɗi a bakin murhu, ɓarin jikinta na hagu ya shanye, suna roƙon addu'a, kuma in da hali a aiko wani ya zo ya gan su. Na duba shafin farko, na ga sunan sakataren da aka aika wa. Sunana ne. Na tuna yadda nake yi: in buɗe, in kwafe yawan masu sujada da na masu baftisma daga shafin farko don taron kwamiti, in huda takardar in sa a fayil. Ni da na shekara talatin ina dukan tebur ina ce wa yara su juya takardar jarrabawa su duba bayanta.

Ta ce in ci gaba. Na gaba ya ce Laraba ba ta iya hawa benen Ajame, kuma 'yan ikilisiya sun ce ba za su yi sujada a sama Mama na ƙasa ba, yana neman izini a mai da sujada gida. Na bayansa, wanda ya zo hannun Rabaran, ya sake neman izinin. Ya ƙara da cewa wani maƙwabcin kirki ya ba su ɗaki kusa da asibitin da ake motsa mata gaɓoɓi, ya ƙi karɓar haya, shi kuma ba zai iya zama a gidan mutum a banza ba, yana so a yarda ya riƙa taya shi aiki da safe. Na huɗun gajere ne. Ya ce bai ji amsa ba, ya yi abin da ya ga zai iya, in ya yi kuskure a yafe masa. Na miƙa wa Rabaran. Ya buɗe nasa fayil, wanda ya rungumo tun daga Zariya, ya juya bayan takardun ɗaya bayan ɗaya. Duk suna nan, ko lanƙwasa ba su yi ba.

Na ce, "Habila, ba ka da waya ne?" Ya ce ya kira shugabanmu, ya yi masa addu'a mai kyau a waya, ya ce ya sa a rubuce. Ya kira na su Rabaran, ya ce ai ziyarar bana tamu ce. Na masu ƙin ganga ya ce ya ɗauka su Rabaran sun riga sun je. Ba ya faɗa da ɗaci, kamar mai ba da labarin ruwan sama yake yi. Matar da ke kitson, uwargidan Alhaji ce, Hajiya Rabi, ta ce ba tare da ta ɗago ba, "Mu dai yako muka iya, sai wanka da ɗagawa. Mu huɗu ne, kowa da ranarta, tawa Talata."

Habila ba yaro ba ne. Da muka koma gefe ya ce, "Baba, na san ba a aiko mutum biyu ba sanarwa don gaisuwa kawai. In da takarda ku ba ni. Na rufe ɗakin, na shiga kasuwa, ba wanda ya ba ni izini. Ni mai biyayya ne." Laraba ta ji, don kunnenta bai shanye ba. Ta ce, "A ba shi, Rabaran. Tambayata ɗaya ce, tunda ku ma kun zo da naku tambayoyin. In mun koma, a wane gida za ku ajiye ni, wa zai ɗaga ni ranar Talata?" Rabaran ya rufe fayil ɗinsa. Ni na san amsar, ƙauyen su Habila ko ƙaramin asibiti babu.

Mun ƙara kwana biyu don mu ga Lahadi. A rumfar tsakar gidan aka yi sujada, da sharaɗin Alhaji: ba lasifika, kuma a tashi kafin azahar. Mutum sha biyu ne cif, na ƙirga, masu gadi da 'yan dako da mata biyu daga Nijar. Matasan cikinsu in an ja waƙar Hausa sai su bi da Faransanci. Laraba ce ke ba da waƙa daga kujerarta, sanye da sabon zanen, tana buga cinya da hannun dama. Rabaran ya raɗa mini cewa aƙalla tambaya ta bakwai ta masu ƙin ganga, wadda ke kan kiɗa a sujada, ta sami amsa mai daɗi.

A jirgin komawa Ajame Rabaran bai rufe ido ba. Ya ce, "Dattijo, umarni aka ba mu. Zargi uku, duka sun tabbata." Na ce haka ne. Ya ce, "Ba mu da ikon yaga takardar da shugabanni uku suka sa wa hannu." Na ce ban ce a yaga ba. Da muka kusa gaɓa ya ce, "A rayuwata ban taɓa mayar da saƙo ba. Za su ce na raina su." Na ce za su ce mun raina su, mu biyu ne. Ya tura takardar can ƙasan jaka, ya ce in daina kallonsa.

Mako biyu da dawowarmu aka kira taro. Shugabanni uku a gaba, 'yan kwamiti a gefe. Rabaran ya ajiye takardar sallama a kan tebur yadda aka ba shi, ko buɗe ta ba a yi ba. Shugaban masu ƙin ganga ya ɓata rai. Ya ce in kowane ma'aikaci zai rufe majami'a ya shiga kasuwa da ra'ayin kansa, to me ya rage na tsari, kuma in manzanni za su riƙa dawo da saƙo, wa za a ƙara aika? Gaskiya ce ya faɗa, ban musa ba. Na dai roƙi alfarma ɗaya, a ba kowane shugaba rahoto ɗaya daga fayil ya karanta mana shafi na huɗu da ƙarfi. Na ce ni zan fara, tunda na farkon a hannuna ya kwana. Laifi tudu ne, na ce musu, na taka nawa na tafi har Abijan ina hangen na wani.

Na karanta nawa. Shugabanmu ya karanta na biyu. Na su Rabaran ya karanta na uku. Mai ƙin ganga ya ɗauki na huɗu, ya kai inda Habila ya ce a yafe masa, ya tsaya, ya cire tabarau ya daɗe yana gogewa. Da ya mayar, shi da kansa ya jawo takardar sallamar ya soke sa hannunsa, ya tura wa na kusa da shi. Aka rubuta izinin sujada a gida da na aikin safe. Aka kuma ce daga yau sakatare zai fara karanta rahoto daga baya.

Sai shugabanmu ya ce a kira Habila a gaban kowa. Aka sa wayar a tsakiyar tebur yadda kowa zai ji. Habila yana kasuwa, Laraba ce ta ɗauka. Shugaba ya gaishe ta, ya gaya mata abin da aka yanke, sannan ya ce a madadin ƙungiyoyi uku yana neman gafararta.

Ta ce, "Gafara kam an yi tun tuni, Baba, ba ma kwana da ita. Sai dai ban ji ba, wa zai zo baɗi?"

Shugabanmu ya dubi na su Rabaran. Na su Rabaran ya dubi mai ƙin ganga. Wani daga gefe ya fara cewa ai sai a kafa ƙaramin kwamiti ya duba. Daga cikin wayar muna jin ƙarar famfon tsakar gidan da muryoyin mata, ita kuma tana jira.

Mai ƙin ganga, tsoho ɗan shekara saba'in da wani abu wanda bai taɓa ƙetare boda ba, ya jawo wayar gabansa. Ya ce, "Laraba, ba baɗi ba. Ni ne, watan gobe. Ki gaya wa Hajiya ranar Talata ta huta, ni da matata za mu ɗaga ki."